Zurfin Kanal da Lissafin Kuskure Biyu: Tarihin da Ke Ƙarƙashin Ruwan Tiga

Duk wanda ya ratsa ƙasar Rano a watan Maris, lokacin da bazara ta ƙone ciyawa har duwatsun yankin suka fito fili, zai ga wani abu da ido ya saba da shi har ya daina tambaya: kanal cike da ruwa, yana tafiya a natse cikin busasshiyar ƙasa. Daga madatsar Tiga ruwan ya taso, ya yada zango a tafkin Ruwan Kanya, sannan ya rarrabu zuwa gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam, inda ake noman shinkafa da alkama da tumatir da albasa. Babu injin da ke tura shi, gangarar ƙasa ce kawai ke jan sa. Wato wani ne ya zauna, fiye da shekara 50 da suka wuce, ya yanke cewa faɗin kanal ɗin zai zama kaza, zurfinsa kaza, kuma a kowace kilomita ƙasansa zai sauka da santimita kaza. Da ya rage zurfin fiye da kima, da ruwa ya malale a hanya. Da ya ƙara, da an ɓarnatar da siminti da kuɗin talakawa.

Wasiƙar wannan makon a kan irin lissafin da mutumin nan ya yi take, da yadda lissafin ya tashi daga takarda da fensir ya koma cikin kwamfuta. Abin da ya ja ni gare ta shi ne na sha jin matasanmu masu koyon rubuta manhaja suna magana kamar iyakar fannin ita ce gina shafin intanet ko manhajar ciniki ta waya. Alhali yaren kwamfuta na farko da ya yaɗu a duniya, don amsa irin tambayar da kanal ɗin Rano ke yi aka ƙirƙire shi.

An kafa Jihar Kano a 1967, kuma gwamnanta na farko, Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako, ya ɗauki ruwa a matsayin babban aikin mulkinsa. A shekarun 1960 ƙwararrun hukumar madatsun ruwa ta Amurka sun yi binciken farko a kan ƙasa da kogunan yankin, daga baya kuma kamfanin NEDECO na ƙasar Holan ya tsara filayen noman ranin. An fara ginin Tiga a kan Kogin Kano a 1971, aka kammala a 1974, daidai lokacin da farin da ya addabi yankin Sahel ya kai maƙura. Ma'aikatan ruwa na jihar, waɗanda aka fi sanin hukumarsu da suna WRECA, su ne suka tara ƙasa suka daddaɓe ta har ta zama bango mai tsawon kimanin kilomita 6 da tsayin kusan mita 48. Tafkin da ya taru a bayansa ya mamaye murabba'in kilomita 178, kuma an tsara shi ya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2.

To, mu koma ga kanal, domin a nan ne za a fi ganin yadda abin yake.

Ƙa'idar da injiniyoyi ke amfani da ita wajen auna kanal ta Robert Manning ce, mutumin ƙasar Ailan, wanda akanta ne kafin ya zama injiniya, ya kuma gabatar da ita a 1889. Ta ce yawan ruwan da kanal ke ɗauka a kowace daƙiƙa ya danganta ga abu huɗu: girman fuskar ruwan idan ka yanka kanal ɗin a gicciye, tsawon bango da ƙasan da ruwan ke gogawa, gangarar hanyar, sai kuma kaushin bangon, wanda ake wakilta da harafin n. Idan an ba ka zurfin ruwa aka ce faɗi yawan da zai wuce, ɗan sakandare ma zai yi. Amma injiniya ta ɗaya ɓangaren yake zuwa: ya san yawan ruwan da gonaki ke bukata, zurfin yake nema. A nan aljabara ke ajiye kayanta. Zurfin ya ɓuya a wuri biyu cikin ƙa'idar, ya cuɗanya ta yadda babu wata dabarar matsar da wannan hagu, wancan dama, da za ta fito da shi shi kaɗai.

Ga misali na kaina, ba awon kanal ɗin Tiga ba ne. A ce ƙasan kanal mita 2 ne, bangwayensa sun jingina ta yadda kowace mita ta tsayi tana buɗewa da mita guda a kowane gefe, yana sauka da santimita 40 a kowace kilomita, an shafe shi da siminti mai kaushi 0.015, kuma ana son ya kai kubik mita 4 a daƙiƙa. Sai in kintata: mita 1. Ƙa'idar ta ba ni 2.9, ya yi kaɗan. In sake kintata: mita 1.5. Ta ba ni 6.2, ya yi yawa. Duka biyun kuskure ne, amma yanzu na san amsar tana tsakaninsu. In raba tsakiya, 1.25, ya ba ni 4.4. Ya yi yawa, don haka amsar tana tsakanin 1 da 1.25. In sake rabawa, 1.125 ya ba ni 3.6. Haka zan ci gaba da matse ta, kowane zagaye yana rage tazarar da rabi, har a zagaye na tara tazarar da ta faro da santimita 50 ta koma ƙasa da milimita guda. Amsar ita ce kimanin mita 1.19.

Wannan shi ne tushen abin da ake koyarwa a tsangayoyin injiniya, wanda zan kira lissafin kusantar amsa. Ba ka riskar amsar dungurungum, kusantarta kake yi taki bayan taki, kana sane da girman tazarar da ta rage.

Dabarar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Malaman lissafi na duniyar Musulmi suna da hanyar da suke kira hisabul khaɗa'aini, wato lissafin kuskure biyu, kuma Ibnul Banna na Marrakesh, wanda ya rasu a 1321, ya yi bayaninta a littafinsa Talkhis. Fibonacci ma, da ya kai ta ga 'yan kasuwar Italiya a 1202, da sunanta na Larabci ya kira ta. Maimakon raba tsakiya, sai ka dubi girman kowane kuskure ka fi karkata wajen ƙaramin. A misalinmu, kintace na farko ya gaza da 1.1, na biyu ya zarce da 2.2, don haka amsar ta fi kusa da na farko, kimanin kashi ɗaya cikin uku na hanyar. Taki guda ya kai ka mita 1.16, saura santimita 3 ka isa. Hanyar da ke ɗauke da sunan Newton da Raphson, ta ƙarni na 17, ta fi wannan sauri, sai dai tana da hali irin na doki mai zafin kai: in ka faro ta daga mummunan kintace, tana iya kwasa da kai ta yi daji.

A ganina ba Bahaushen da wannan tunani zai zame wa baƙo, balle mutumin Rano, garin da tarihin Hausa Bakwai ya haɗa shi da Kano a sarautar baba. Marini yana zuba toka da katsi, ya motsa, ya dubi kumfa da launi, ya ƙara ko ya dakata. Bambancin kawai shi ne marini a idonsa da hancinsa ma'aunin yake, in ya mutu ya tafi da shi. Shi kuwa mai rubuta manhaja dole ya fito da ma'aunin fili ya rubuta: yadda za a zaɓi kintace na gaba, yaushe za a ce ya isa a tsaya, da abin da za a yi in an yi ta zagaye amsa ta ƙi zama. Wanda ya iya rubuta waɗannan uku ba tare da ya bar ƙofar ruɗani ba, ya iya rubuta manhaja. Sauran duk koyon yare ne.

Kafin na'ura, mutane ne ke yin zagayen. A 1910 wani Bature mai suna Lewis Fry Richardson ya gabatar da takarda a Ingila a kan yadda za a kasa bangon dam zuwa ɗigo-ɗigo, a lissafa nauyin da ke kan kowane ɗigo daga na maƙwabtansa, a yi ta maimaitawa har lambobin su daidaita. Yara ya ɗauka suna yi masa, yana biyan su gwargwadon aikin da suka yi. Mafi sauri a cikinsu yana yin lissafi kimanin 2,000 a mako, kuma wanda aka yi ba daidai ba ba a ƙirga shi. Waɗannan yaran su ake kira kwamfuta a Turancin wancan zamani.

Dam ɗin ƙasa irin na Tiga kuwa, babbar fargabarsa ita ce wani ɓangaren bangon ya zame, kamar yadda katangar laka ke zaftarewa a Agusta. A 1955 Alan Bishop na Kwalejin Imperial da ke Landan ya wallafa hanyar auna wannan haɗari: a zana da'irar da ake tsoron ƙasa za ta zame a kanta, a yanka ƙasar da ke sama sala-sala, a gwada ƙarfin da ke riƙe ta da wanda ke tura ta. Abin da ya fito shi ne ma'aunin aminci. Sai dai wannan ma'aunin yana zaune a ɓangarori biyu na lissafin, don haka sai ka kintace shi kafin ka same shi. Kuma da'ira guda ba ta isa ba, sai an gwada masu yawa kafin a gano wadda ta fi rauni. Aikin da injiniya zai kwana biyu yana yi a kan 'yan da'irori, shi ne na'ura ta zo ta mayar na mintoci.

A 1957 ayarin John Backus na kamfanin IBM ya fitar da FORTRAN, yaren da ya ba injiniya damar rubuta ƙa'idarsa kusan yadda take a littafi. Nijeriya ba ta yi jinkiri sosai ba, domin a 1963 IBM ta buɗe cibiyar koyar da kwamfuta a Jami'ar Ibadan. A Zariya kuma, cibiyar kwamfuta ta Jami'ar Ahmadu Bello tana ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafin da ya yi digirinsa na uku a Kambirij, ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978. Amma kada mai karatu ya zaci kwamfutar wancan lokaci abin ajiyewa a tebur ce. Kowane layin umarni a kan kati guda ake huda shi, ka kai damin katunanka ga masu kula da na'ura, ka dawo gobe, wataƙila ka tarar waƙafi guda da ka manta ya rushe komai. Ƙaramar na'urar lissafin kimiyya ta aljihu ta farko, HP-35, sai a 1972 ta fito, ana tsakiyar ginin Tiga, a kan dala 395. Injiniyan wancan zamani da rular lissafi mai zamewa ya girma, da littafin jadawali da zanen lanƙwasa waɗanda wasu suka riga suka yi wahalar zagayen suka buga.

Da labarin a nan ya tsaya, da sai mu ce na'ura ta zo ta raba gardama. Tarihin Tiga bai yarda da haka ba.

Ɗauki tambayar da ta fi kowace muhimmanci ga manomin Kura: shin tafkin zai riƙe ruwa ya kai ƙarshen rani, ko da an jera shekarun fari? Lissafin kamar na rumbu ne. Ruwan ƙarshen wata shi ne na farkon wata, a ƙara wanda kogi da sama suka kawo, a cire wanda aka saki, da wanda ya tsiyaye, da wanda rana ta sha. Na ƙarshen nan ba ƙarami ba ne: idan tafkin ya cika, kowace santimita guda da rana ta shanye daga samansa ta kai kubik mita miliyan 1.78. Kuma abin da rana ke sha ya danganta ga faɗin tafkin, faɗin ya danganta ga yawan ruwan da ya rage, wanda shi muke nema tun farko. An sake dawowa ga kintace da gyara. Kwamfuta za ta yi wannan na wata 600 a jere kafin ka kurɓi shayi. Amma wace lamba za ka ba ta a matsayin ruwan da kogi zai kawo? Ruwan saman birnin Kano an daɗe ana rubuta shi, tun farkon zamanin Turawa. Kogunan kuwa sai a shekarun 1960 aka fara auna su a kai a kai. Kuma shekarun 1950 da farkon 1960 na daga cikin mafi ni'ima da yankin ya gani a ƙarnin. Bayan su ne farin 1972 da 1973 ya zo, sannan na 1983 da 1984. Duk wanda ya tsara aikin ruwa a ƙasashen Sahel a wancan lokaci, da ɗan gajeren tarihi mai kyakkyawar fuska ya yi aiki, kuma babu hanyar Newton da ke gyara wannan.

Ɗaya fuskar kuma ita ce ruwa ya yi yawa. A watan Agustan 1988, bayan mamakon ruwan sama, madatsar Bagauda, maƙwabciyar Tiga, ta ɓalle, aka yi asarar rayuka da gidaje da gonaki. 'Yan shekaru bayan haka, a farkon shekarun 1990, aka rage tsayin mazubar da rarar ruwan Tiga ke fita ta kanta, saboda fargabar lafiyar bangon. Ma'anar wannan ita ce ba za a sake barin tafkin ya cika yadda aka tsara ba, an haƙura da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na abin da yake iya riƙewa. Ina ganin wannan mataki a matsayin zagaye na biyu na lissafi guda, wanda aka faro a takarda, ƙasa da ruwa suka nuna girman tazarar, aka gyara. Sai dai zagaye ne mai tsada, kuma waɗanda suka biya kuɗinsa a Bagauda ba su ne suka riƙe fensir ba.

Kuskure mafi girma kuwa ba a cikin lambobi yake ba, a iyakar da aka shata wa lissafin yake. Kogin Kano ba ya ƙarewa a Kura. Yana haɗuwa da Challawa ya zama Kogin Hadeja, ya bazu cikin fadamun da ke tsakanin Hadeja da Nguru, ya bi ta Gashuwa zuwa Tafkin Chadi. Mutanen can da ambaliyar damina suke rayuwa: shinkafar fadama, kamun kifi, kiwo, noman da ake yi a danshin da ruwa ya bari. Tiga ta riƙe ambaliyar, a 1992 kuma madatsar Challawa ta zo ta ƙara. A farkon shekarun 1990 Ted Hollis da Julian Thompson na Jami'ar Landan suka gina kwaikwayon kogin a cikin kwamfuta, wato irin lissafin rumbun nan, amma an jera rumbuna tun daga Tiga har fadamun, suna tambaya: in an faɗaɗa noman rani a sama, fadama nawa za ta bushe a ƙasa? An tattara farkon aikin a littafin da Hollis da William Adams da Muhtari Aminu-Kano suka shirya a 1993. A 1998 Edward Barbier da Thompson suka ɗora farashin amfanin gona da kifi da itace a kan sakamakon, suka samu cewa ribar da ƙarin noman rani zai kawo ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na asarar da za a yi a fadamun ba.

Ba ina cewa da ba a gina Tiga ba ne. Birnin Kano yana sha daga gare ta, kasuwar shinkafar Kura da tumatirin Kadawa 'ya'yanta ne, kuma wanda ya ga yunwar 1973 ba zai zargi Audu Bako da son tare ruwa ba. Ana ma iya yin gardama da lambobin Barbier, domin kowane kwaikwayo yana da zato a cikinsa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne gardama irin wannan ba ta yiwuwa sai ga wanda zai iya buɗe manhajar ya ga zaton, ya canza shi, ya sake gudanar da ita. Shekara da shekaru ana yanke hukunci a kan ruwan da ke tsakanin Rurum da Nguru da lissafin da aka yi a Holan da Landan, mu kuwa namu shi ne karɓar rahoto mai bango mai sheƙi.

Akwai wani abu da ya biyo baya wanda ya mayar da mu ga harafin n. Tun da aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk tsawon rani, hanyoyin ruwan da a da suke bushewa suka zauna da danshi, kacalla ta samu gida ta toshe su, a fadamun Hadeja da cikin kanal-kanal na noman rani. A ƙa'idar Manning, idan kaushi ya ninka, ruwan da ke wucewa a zurfi guda yana raguwa da rabi daidai. Kanal ɗin misalinmu, in ciyawa da laka suka ɗaga kaushinsa daga 0.015 zuwa 0.030, kubik mita 2 zai kai maimakon 4. Manomin da gonarsa ke wutsiyar kanal, wanda ke kwana a gona yana jiran ruwan da bai zo ba, har ya kai ga faɗa da na sama da shi, sau da yawa wannan lambar ce ta cuce shi.

Ni kaina na ci jarrabawar FORTRAN a wata jami'a ba tare da na taɓa ganin shirin da na rubuta ya gudana a na'ura ba. A allo malam ya rubuta, muka kwafa, muka haddace, muka mayar masa a takarda. Sai bayan shekaru, ranar da wani ɗan shiri nawa ya yi ta zagaye ya ƙi tsayawa saboda na ba shi gangara da alamar ragi, na fahimci abin da aka so koya mini. Ɗaliban yau a Jami'ar Bayero da ta Wudil ba su da wannan uzuri, malamansu ma haka. Yaren Python kyauta ne, yana gudana ko a tsohuwar kwamfutar cinya. Manhajar HEC-RAS ta kwaikwayon kogi, wadda injiniyoyin sojan Amurka suka fitar a 1995, kyauta ce. Hotunan tauraron Landsat sun zama kyauta tun 2008, kuma sun koma baya har shekarun 1970, wato yarinyar da ta iya 'yan layuka za ta iya auna faɗin tafkin Tiga shekara bayan shekara daga ɗakin mahaifiyarta.

Ɗan Kibiya ma yana da nasa tambayoyin, ko da yake manyan kanal ɗin ba ta ƙofarsa suka bi ba. Mafi yawan nomansa na damina ne, a kan ƙasar da ke zaune bisa dutse, inda ruwan rijiya ke ɓuya a cikin rubabben dutse da tsagoginsa. Yaya girman kwalbatin da zai ishi rafin da ke yanke hanyar kasuwa duk Agusta? Ƙaramin dam na ƙasa zai kai dabbobi watan Mayu, ko rana za ta shanye shi tun Fabrairu? In aka duba ruwan saman shekara 40, wane mako ne shuka ta fi tsira daga tsayawar ruwa? Babu kamfanin Holan da zai zo don waɗannan, sun yi ƙanƙanta. Amma lissafinsu shi ne dai na Tiga, kuma akwai bayanan ruwan sama na tauraron ɗan'adam, irin su CHIRPS, da suka faro daga 1981, waɗanda kowa ke iya saukewa.

Shirin da zai warware misalin kanal ɗinmu bai kai layi 20 ba a Python, kuma mai himma zai iya rubuta shi a makonsa na biyu da fara koyo. Lambar n ce ba za ta fito daga allo ba. Littafi zai ce 0.015, amma littafin sabon siminti yake nufi. Wanda ke son sanin ta kanal ɗin da ke gabansa sai ya nemi wuri miƙaƙƙe, ya auna faɗi da zurfi da sanda, ya shata mita 20 a gefe, ya jefa lemo a tsakiyar ruwa ya kama lokaci da agogon wayarsa, sau biyar ko shida. Ruwan sama-sama ya fi na ƙasa gudu, don haka a kan rage kimanin kashi 15 cikin 100 daga saurin lemon. Daga nan sai ya juya ƙa'idar Manning ta ba shi kaushin, ya rubuta a littafi tare da kwanan wata, ya dawo bayan an yashe kanal ɗin ya sake aunawa.